Awa nawa ya kamata mu riga jirgi isa filin Njamena?

Ɗan Kusiri:
Assalamu alaikum. Zan raka mahaifiyata Umra, kuma jirginmu zai tashi daga filin Hassan Djamous da ke Njamena, ya ya da zango a Adis Ababa, sannan mu wuce Jidda. Hajiya ta manyanta, ba ta jure tsayuwa mai tsawo, shi ya sa nake son waɗanda suka saba bin hanyar su faɗa mini lokacin da layin awon kaya da na buga fasfo suke ci, domin kada mu yi sammakon banza, kada kuma mu makara.

Mai Shago a Marwa:
Wa alaikumus salam, Malam. Ka ware awa 3 kafin lokacin tashi, domin yawancin kamfanonin jiragen ƙasashen waje suna rufe teburin karɓar kaya saura awa 1, kuma idan an rufe, ba ruwan ma'aikaci da cewa kana cikin layi tun ɗazu. Abin da ke jan layin nan shi ne kaya. Na taɓa tsayawa bayan wani bawan Allah da jakarsa ta haura kilo 23, ya durƙusa a gaban ma'auni yana kwashe kilishi da atamfofi yana cusawa a jakar hannu, mu kuwa muna kallon agogo. Ka auna jakunkunanku tun daga gida, ko da a sikelin mai sayar da hatsi ne.

Hajiya daga Garwa:
Ɗana, Allah ya saka maka da alheri da wannan hidima. Ka sanar da kamfanin jirgin aƙalla kwana 2 kafin tafiya cewa Hajiya tana buƙatar keken turawa. Ma'aikacin da zai tura ta shi ne yakan wuce da ku wajen 'yan sandan shige da fice ba tare da doguwar tsayuwa ba. Tsofaffinmu sukan ji nauyin hawa keken nan, sai ka lallashe ta. A tagar buga fasfo kuwa, wanda takardunsa suke a hannu ba ya daɗewa, jinkirin yana zuwa ne daga masu lalube cikin jaka. Ku riƙe fasfo wanda ya rage masa aƙalla wata 6, da biza a buge kan takarda, da katin allurar shawara da na sanƙarau, waɗanda ake so a yi su aƙalla kwana 10 kafin isa Saudiyya.

Direban Logon:
Alhaji, akwai layin da ba a ambata ba, wato na gadar Ngeli, wadda ta haɗa Kusiri ta Kamaru da Njamena ta Chadi. Ko da yake ƙasashen CEMAC, wato ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya da Kamaru da Chadi suke ciki, sun soke biza a tsakaninsu tun 2017, ana duba takardu a ɓangarorin biyu, kuma da safe babura da motocin kaya sukan cunkushe wurin. Idan jirginku na dare ne ko na asuba, ku ƙetare da rana ku kwana a Njamena.

Ɗan Kusiri:
Na gode ƙwarai. Jirgin na rana ne, amma za mu ƙetare tun jajibiri mu sauka wajen kawuna. Maganar keke kuwa, na faɗa wa Hajiya, ta ce sai ta yi shawara.