Tambaya: ina methotrexate yake shiga a jikin ɓera, kuma me ya sa yake saurin ɓacewa?

Maryama_famasi:
Assalamu alaikum yan uwa. Don Allah masu harkar famakoloji ku taimaka min. Furojet ɗina na mastas a kan ciwon fata na soriyasis ne, za mu shafa wa fararen ɓeraye man imiquimod a baya har fatar ta yi ja ta fara saɓa kamar ta mai soriyasis, sannan mu gwada wani haɗin magani namu, mu kwatanta shi da methotrexate, maganin da ake ba masu ciwon, a matsayin ma'auni. To abin da ya ɗaure min kai shi ne mutum sau ɗaya a sati yake shan maganin nan, amma takardun da nake karantawa kusan duka kullum suke ba ɓeraye, 1 mg/kg, wai kuma cikin awa biyu uku mafi yawansa ya bar jinin ɓeran. Ina yake zuwa? Kuma yaushe ya kamata in ɗebi jini in ina so in kama shi?

Dakta_BK:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ai tambayar nan taki tsohuwa ce, tun 1970 da 1971 su Dedrick da Bischoff da Zaharko a Amurka suka yi ta fama da ita, kuma da wannan maganin dai. Sun auna shi a jinin ɓera ƙarami da babba da kare da biri da mutum, suka ga in ka gyara lokaci gwargwadon nauyin dabba duk layukan jadawalin yawan maganin a jini wuri ɗaya suke haɗuwa. Ma'ana agogon jikin ɓera gudu yake yi, zuciyar da ke bugawa sau 500 zuwa 600 a minti ai ba za ta bar magani ya zauna ba. In kin yi lissafin, awa ɗaya ta ɓera kusan awa bakwai ce ta mutum. Mutum rabin maganin yana barin jininsa cikin awa 3 zuwa 10, to raba da bakwai ki gani.

Inda yake zuwa kuwa, hanta da ƙoda ne suke wawure shi, ba wai tsiyaya yake yi ya shiga ba, akwai masu dakonsa a bangon ƙwayoyin halitta. A hanta masu dakon da ake kira Oatp1a/1b ne ke shigar da shi, Mrp2 da Bcrp su tura shi cikin ruwan matsarmama ya gangara hanji, wani ya sake komawa jini wani ya bi kashi, wani kuma bakteriyar hanji su datse shi. A cibiyar binciken kansa ta Amsterdam sun cire wa ɓeraye waɗannan Oatp ɗin, sai maganin ya taru a jini ya ragu sosai a hanta. A ƙoda kuma Oat3 ne babban mai aikin. Bambancin da za ki riƙe shi ne mutum kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari ta fitsari yake fitar da shi yadda ya shiga, ɓera kuwa hanyar matsarmama tana ɗaukar kaso mai tsoka, don haka in fitsari kaɗai kika tara lissafinki ba zai cika ba.

Abu_Hanif:
Yallaɓai ya gama magana a kan jini, amma ni fa ina ganin jinin ma yaudara ce a wannan maganin. Da zarar ya shiga cikin ƙwayar halitta ana liƙa masa wutsiyoyin wani sinadari mai suna glutamate, daga nan ya maƙale ba fita, yana can yana aiki alhali a jini kin neme shi kin rasa. Shi ya sa na sati-sati yake wadatar da mutum. Kuma taruwar nan a jajayen ƙwayoyin jinin mutum watanni take ɗauka kafin ta daidaita, ke kuma gwajin imiquimod ɗin kwana biyar ne ko shida an gama, tun yadda van der Fits da abokan aikinta suka tsara shi a 2009, 62.5 mg na man Aldara, wato man imiquimod ɗin, kullum. To wa zai jira sati a gwajin da bai kai sati ba? Gaskiya rabin dalilin bayarwa kullum kenan, ba wani zurfin ilimi ba.

Ga wani abu kuma da ba a cika faɗa ba, jinin ɓera yana da thymidine (tubalin gina DNA) da folate (bitamin ɗin da maganin ke tare wa hanya) fiye da namu nesa ba kusa ba, abincin da ake ba su ma cike yake da folik asid, su kuma ƙwayoyin halitta da waɗannan suke kuɓuta daga maganin. In kin bi lissafin FDA, hukumar abinci da magunguna ta Amurka, na ninka mg/kg ɗin mutum da 12.3 don samun na ɓera, mutum mai kilo 60 da ke shan 15 mg zai zo wajen 3 mg/kg a sati ga ɓera, amma kar ki ɗauka daidai wa daida ne.

Hajiya_Lab:
Maryama ni ɓangaren ɗibar jinin zan miki magana. Ɓera mai giram 25 gaba ɗaya jininsa bai wuce mil 2 ba, kuma kwamitin kula da haƙƙin dabbobi ba zai yarda ki wuce kashi goma cikin ɗari a ɗiba ɗaya ba, don haka ki raba su rukuni-rukuni, kowane lokaci da nasa ɓerayen. Ki cika ɗiba a farko, minti 5, 15, 30, awa ɗaya, biyu, huɗu, sai ɗaya can nesa, wanda ya fara a awa shida ya makara. Samfur a rufe shi daga haske a sa a firiza, ki tabbatar da janareta tun kafin ki fara. Ki ajiye hanta da ƙoda da fatar bayan ma, a auna.

Kuma suna lashe man nan fa, su da junansu, sai ki ga sun rame saifa ta kumbura ruwan jiki ya ragu, ƙodar da ba ruwa kuwa ba za ta fitar da methotrexate kamar ta lafiyayye ba. Kar ki ɗauko lambobin lafiyayyun ɓeraye ki ɗora wa naki.

Maryama_famasi:
Kai Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara basira. Dakta kenan haɗin namu in yana taɓa Oat3 zai iya sa maganin ya taru in an haɗa su?

Dakta_BK:
Ƙwarai kuwa, irin abin da probenecid (maganin ciwon gaɓoɓi na gout) da magungunan ciwon jiki dangin su ibuprofen ke yi kenan a ƙoda. Septrin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, shi ma yana cikin wannan sahu, ga shi kuma shi ma folate yake kai wa hari, ɓargo ya sha duka biyu, kuma kin san yadda mutane ke sayensa a kemis ba takarda. Ki ƙara rukuni ɗaya da za su samu biyun tare, ki auna jininsu a lokutan da Hajiya ta lissafa.