Robo mai hannu biyu na kan tebur: wane servo zan saya?

Auta: Salamu alaikum manya. Ina son in haɗa ƙaramin robo na kan tebur mai hannu biyu, in riƙa ba shi umarni ya ɗauki marfin kwalba ya aje a kofi. Ina da Arduino Uno ɗaya (ƙaramin allon da ake rubuta wa umarni ya sarrafa na'ura) da jika 30. Wane servo (ƙaramar motar da ke juya gaɓa zuwa kusurwar da aka umarta) zan saya, kuma ina ake samu nan Yamai?

Mushe: Wa alaikumus salam. Fara da hannu guda, Auta. Servo 4 sun isa: gindi, kafaɗa, gwiwa, sai yatsu. In ya yi aiki ka yi masa ɗan'uwa.

Bagobiri: Hannu biyu tun yau? Tuwo zai tuƙa maka?

Mai Rediyo: Ƙanena, saurara da kyau, ni an dafa ni. Bara na aika aka sayo mini manyan servo MG996R wajen wani mai shago, ya rantse haƙoran giyarsu ƙarfe ne duka. Na ɗaura ɗaya a kafaɗa, hannun ya ɗaga, sai na ji ƙarrr, ya saki. Da na kwance bis huɗun nan na ƙasa, haƙorin sama ne kawai ƙarfe, na ciki roba. Na kira shi, wai tunda an buɗe ba ya karɓa. To da ban buɗe ba ta yaya zan gani? Har yau kuɗina na wurinsa. Duk inda za ka saya, a buɗe ɗaya a gabanka kafin ka biya. Kuma kar ƙaramin shuɗin nan SG90 ya ruɗe ka don araha. Ƙarfinsa wajen kilo 1.8 ne a nisan santimita ɗaya. In hannun ya kai santimita 15, abin da ya rage giram 120 ne, ciki har da nauyin hannun kansa. A yatsu ya dace, ko a kai. Gwiwa servo MG90S, kafaɗa babban, MG996R.

Bazabarme: Allah ya mayar da alheri, Baba. Amma wanda ya sayar maka, in an bincika, Bagobiri ne.

Bagobiri: Bawana, wa ya ba ka izinin magana gaban ubangidanka?

Injiniya: Kuna ta zancen servo, ba wanda ya tambayi yaron da me zai ciyar da su. USB na kwamfuta miliamfa 500 take bayarwa. MG996R ɗaya in ya cije yana iya jan amfa 2.5. Ka ja su daga Arduino, hannu zai yi ta karkarwa, allon ya mutu ya tashi, ka kwana kana neman kuskure a kod alhali kod lafiya lau. Ba su wutarsu daban, volt 5 zuwa 6, ka haɗa GND ɗinta (wayar negatif) da na Arduino, ka sa kondansater 1000µF kusa da su. Da hannu biyu kuma, servo 8 ke nan, allon jan servo PCA9685 zai rage maka tarin wayoyi: yana ɗaukar 16, da waya biyu kacal ta umarni.

Auta: Anti, cajar waya za ta yi?

Injiniya: Mai amfa 2 ta gaskiya za ta riƙe ƙanana. Manya a'a.

Ɗan Adar: Ni nan Tawa matsalata kuran ce, ana cikin gwaji a ɗauke. Batir 18650 biyu na ciro daga tsohuwar kwamfuta, na sa allon rage wuta LM2596 ya sauko da wutar zuwa volt 6. Kuma kar wani ya ce ka buga jikin robon da PLA, robar nan ta firintar 3D. Wajen digiri 60 yake laushi, ka bar shi cikin mota a watan Afrilu ka ga abin mamaki.

Mai Rediyo: Katako marar kauri ko guntun alminiyam. Ka shiga kasuwar Katako da safe, ba ka rasawa.

Ɗan Jami'a: Ni a ganina Uno ta tsufa. Allon ESP32 na da wifi da Bluetooth, da wayarsa zai riƙa juya hannun.

Mushe: Yaro ya ce ga abin da ke hannunsa, kai kana ƙara masa sayayya. Laburaren Servo (kod ɗin Arduino da aka riga aka shirya) na jan servo har 12 a kan Uno. Ya sa potansiyomita 4 (abin murɗawa irin na ƙara sautin rediyo), ya juya hannu inda yake so, ya danna maɓalli a adana kusurwa. EEPROM ɗin Uno, ma'ajiyar da ba ta gogewa in an ɗauke wuta, kilobayit ɗaya ce, ta ishi ɗaukar marfin kwalba. Auta, kar ka tura shi daga 0 zuwa 180 kai tsaye, fizgar nan ke cin haƙora. Digiri ɗaya-ɗaya, da jinkirin milisakan 15.

Ɗan Jami'a: Mushe, da girmanka, wannan koyarwar da ce.

Mushe: Naka robon da ka ce saura kaɗan tun azumi, yana ina?

Bagobiri: Wifi ɗin yake jira.

Auta: Na gode duka. Amma har yanzu ba a faɗa mini inda zan saya ba.

Ɗan Adar: Nawa daga Kano aka kawo mini, ta Konni.

Bazabarme: Wai Baba, servon da ya lalace yana nan? Motar cikinsa nike so.

Mai Rediyo: Yana nan. Zo shago bayan la'asar, ka taho da dalmata da ka ara.