Za mu kai yara Dubai a watan Agusta: wane wurin wasa ya fi dacewa?

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Don Allah waɗanda suka taɓa kai yara Dubai ku taimaka min da shawara. Maigida zai je saro kaya a watan Agusta, ya ce tunda yara suna dogon hutu mu tafi gaba ɗaya, har da Hajiya mahaifiyarsa. Yaran uku ne: mai shekara 12, mai 7, sai auta mai 4. Hajiya ta haura 70, ga ciwon gwiwa. A unguwar Deira za mu sauka, kusa da kasuwar Naif, don can harkarsa take. Ya ce rana ɗaya tak zai bar kasuwa ya fita da mu, kuɗin ma na wuri ɗaya ya ware. Na ji ana maganar IMG da Legoland. Wanne zai ishi yaran su uku, Hajiya ma ta samu abin kallo, ba ta wuni tana gyangyaɗi a kan benci ba?

Hajiya Mai Atamfa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Global Village kawai, kada ki wahalar da kanki. Akwai lilo kala-kala, akwai dandalin da ake raye-rayen ƙasashe, ga wasan wuta da daddare. Kowace ƙasa da rumfarta, ki shiga ta Yaman ki sayo wa Hajiya zuma. Dirhami 15 muka biya kowa, kuma tsofaffi irin Hajiya kyauta suke shiga.

Ɗan Wambai: Hajiya yaushe rabonki da wurin? 15 ai tsohon zance ne. Ni 30 na biya.

Ummu Hafsa: 25 dai. Ina da hoton tikitin a waya.

Ɗan Wambai: To sai dai idan an ga fuskata an ƙara min.

Ummu Hafsa: Kuma kuɗin ƙofar ba shi ne magana ba. Lilon ciki kowanne da kuɗinsa, kati ake saye a zuba masa kuɗi. Kafin ka ankara yara sun lashe abin da ya ninka na ƙofa sau goma.

Direban Sharja: Jama'a, baiwar Allah nan cewa ta yi Agusta. Global Village a rufe yake ruf a Agusta. A tsakiyar Oktoba ake buɗe shi, a rufe wajen ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu, saboda fili ne a buɗe, ba mai iya tsayuwa a wurin lokacin zafi. Maganar 25 da 30 kuma duk kun yi gaskiya, akwai tikitin ranakun aiki, akwai na kowace rana. Maman Ilham, a Agusta zafi yana wuce digiri 40, ga gumi mai danƙo saboda teku, da dare ma ba sauƙi. Duk wurin da ba rufi da na'urar sanyi ki cire shi daga lissafi. IMG gaba ɗayansa a cikin gini yake, tun 2016 da aka buɗe shi da haka yake tallar kansa. Legoland an yi shi ne don yara 'yan shekara 2 zuwa 12, autarki da mai 7 za su fi morewa a can, amma yawancin lilonsa a waje suke, kuma yana can Jabal Ali, hanyar Abu Dabi, da nisa daga Deira.

Hajiya Mai Atamfa: To sai su bari sai Disamba mana. Me ake ci na sauri?

Maman Ilham: Anti, Disamba shi ba ya iya barin shago, lokacin biki ne. Kuma an ce otal ya fi araha a Agusta.

Bazazzagi: Bakano da araha! Don otal ya sauka za a kai tsohuwa a gasa. Ku kai su Gidan Zoo ku saya musu rake, ragowar kuɗin ku turo Zariya mu yi muku addu'a.

Ɗan Wambai: Kai da tsayin ganuwar Zariya ma jiri take sa ka, ina ruwanka da zancen lilo?

Baban Sadik: Ni dai bari in faɗa muku abin da ya same ni, wanda zai ɗauka ya ɗauka. A watan Yuli muka je, ni da uwargida da yara huɗu. Wani ejan a nan gida ya ce zai haɗa mana komai a dunƙule, biza da otal da tikitin wurin wasa, ya ce ta hannunsa ya fi sauƙi. Na ba shi kuɗi, ya turo takardu ta WhatsApp, na buga su. Ba zan faɗi sunan wurin ba don su ba su cuce ni ba. Muka ɗauki tasi babba, muka isa ƙofa, yara sai tsalle suke. Yarinyar da ke ƙofa ta ɗora takardar a na'ura, ta yi ja. Ta sake, ta yi ja. Ta kira wani babbansu ya duba kwamfuta, ya ce min an riga an shiga da waɗannan tikitin tun makon jiya. Duka shidan. Na kira ejan, waya a kashe. Ga mutane a bayanmu suna kallo, ga yara sun ga lilo da idonsu. Wane uba ne zai ce a juya? Kuɗin da na ware na tsarabar 'yan uwa na zaro na sayi sabbi a farashin ƙofa.

To da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Sadik tun daga gida lilo ɗaya yake ta magana, mai gudun nan da ke kifa mutum ƙasa. Muka bi layi kusan awa guda a rana. Da muka kai gaba sai aka tsayar da shi jikin wani katako aka auna, aka ce bai kai ba. Wallahi abin da ya rage bai fi faɗin yatsu biyu ba. Na roƙa, na ce shekararsa 9, suka ce su ba ruwansu da shekaru, tsayi suke dubawa. Yayarsa ta hau, shi ya zauna a ƙasa yana kuka kamar an yi mutuwa. Ashe a bakin layin ma akwai irin katakon, ni ne ban san amfaninsa ba. Kafin la'asar uwarsu ta fara ganin jiri, ƙaramar ta yi amai, ruwan da muka saya a ranar kaɗai ya isa kuɗin cefanen mako. Muka fito tun kafin a fara wasan da ake yi da yamma, wanda shi ne ma aka ce kada mu rasa.

Da na dawo na je ofishin ejan, ya ce shi ma wani ne ya sayar masa. Har da rantsuwa. Aka shiga tsakani, ya yarda zai biya. Yana biya kaɗan-kaɗan, ya daina ɗaga waya. Yau idan muka haɗu a ɗaurin aure shi ke fara miƙo min hannu.

Ummu Hafsa: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri, Baban Sadik.

Hajiya Mai Atamfa: Ka faɗi sunansa mana, a san shi.

Baban Sadik: Surukin aminina ne Hajiya. Na bar shi da Allah.

Ɗan Wambai: Irin wannan barin ne ya sa suke ci gaba. Gobe wani zai yi wa.

Malama Ta Firamare: Maman Ilham, abin ɗauka a labarin nan shi ne awo. Ki samu tef ɗin tela ki jingina yaran da bango ki rubuta tsayin kowa da santimita, sannan ki shiga shafin wurin, kowane lilo an rubuta tsayin da ake buƙata. Mu da muka je IMG babbana ya more sosai, ɓangaren Marvel da na dabbobin da suka ƙare a duniya, har da lilon da ke fita waje da gudu ya dawo ciki. Amma ƙaramar, ɓangaren Cartoon Network kusan shi kaɗai ta iya, sauran duhu da ƙara suka tsorata ta. Don haka mai 12 zai gode miki, mai 7 ya danganta da tsayinsa, auta kuwa rabin kuɗinta ne zai yi aiki. Akwai wurin salla, akwai wuraren zama da sanyi. Ki tambayi keken tura marasa lafiya a ƙofa don Hajiya, tafiyar ciki ba kaɗan ba ce.

Maman Ilham: Na gode Malama. Nawa kuka biya?

Malama Ta Firamare: Ya haura dirhami 300 kowane mutum.

Ɗan Wambai: An cuce ku. Ni ta intanet na saya, bai kai 250 ba.

Baban Sadik: Ga irin ta nan. Ni ma da "bai kai" aka kama ni.

Ɗan Wambai: Alhaji ai kai a hannun mutum ka saya, ni a manhaja na saya da katina. Ba ɗaya ba ne.

Alhaji Na Maraɗi: Ni tun ana yin Global Village a bakin ruwan Deira, kafin a mai da shi bayan gari, nake zuwa Dubai. Shawarata ku wuce Abu Dabi, tsibirin Yas. Ferrari World na can, da lilon da ke gudun kilomita 240 a awa, sai an ba ka tabarau ka sa. Wanda bai ga wannan ba bai ga komi ba.

Ummu Hafsa: Alhaji, da girmanka, yaro ɗan shekara 4 da tsohuwa mai ciwon gwiwa za a ɗora a kan kilomita 240? Ka taɓa zuwa da yara kuwa?

Alhaji Na Maraɗi: Ban je da su ba, amma na san gari.

Ummu Hafsa: Sanin kasuwa daban, wuni da yara uku daban. Wanda bai taɓa neman banɗaki da gudu riƙe da yaro ba, bai kamata ya yanke hukunci a nan ba.

Direban Sharja: A bar wa Alhaji gaskiyarsa guda: a Yas ɗin akwai Warner Bros World, shi ma a cikin gini yake da sanyi, an buɗe shi a 2018, kuma ya fi karɓar ƙananan yara, ana yin wasanni a dandali da Hajiya za ta zauna ta kalla. Matsalar tafiya ce, daga Deira ya fi awa guda a mota, ku shida kuma sai babbar mota. Ni kullum ina kai mutane wuraren nan, na san yadda suke fitowa.

Alhaji Na Maraɗi: Kai a bakin ƙofa kake tsayawa, mu ke shiga.

Direban Sharja: Haka ne Alhaji. Amma a motata ake yin kukan da lissafin a hanyar dawowa.

Hajiya Mai Atamfa: Duk inda za ku je dai ban da Juma'a, ranar hutunsu ce, cinkoso.

Direban Sharja: Hajiya wannan ma ya canza tun farkon 2022. Yanzu Asabar da Lahadi ne hutu a Dubai, Juma'a rabin rana ake aiki. Mu a Sharja ne ake hutun Juma'a gaba ɗaya. Su je Litinin ko Talata, su isa da an buɗe ƙofa.

Bazazzagi: Hajiya Mai Atamfa, Dubai ɗinki ta zamanin Nokia ce.

Hajiya Mai Atamfa: Ai ba laifina ba ne, ɗan nema. Su suka rufe mana ƙofa. Tun Oktoban 2022 aka daina ba 'yan Najeriya biza, jirgin Emirates ma ya daina zuwa, sai a Yulin 2024 aka ce an buɗe, jirgin ya dawo Legas a Oktoba. Mu da muke zuwa kamar Kano da Kaduna muka koma saro kaya ta hoto a waya.

Ɗan Wambai: An buɗe a baki. Ku tambayi masu nema yanzu. Maman Ilham, kun ma samu bizar kuwa kuke zaɓen lilo?

Maman Ilham: Maigida ya ba wani fasfo ɗinmu, ya ce ana kai.

Baban Sadik: Wani wa? A ina ofishinsa yake? Kada ku ba shi ko sisi na tikitin wasa, kuma kada ku yanki tikitin jirgi sai kun ga biza da idonku.

Ummu Hafsa: Ƙanwata sau biyu ana karɓar kuɗinta ana cewa an ƙi, ba takarda, ba bayani, ba a dawo da kuɗi. Har yau ba mu san ko an ma tura ba.

Alhaji Na Maraɗi: Ku ma 'yan Najeriya ku riƙa faɗin gaskiya, wasu daga cikinku ne suka ɓata muku suna a can.

Ɗan Wambai: Alhaji kada ka fara. Laifin mutum goma a ɗora wa mai shago a Kwari da bai taɓa wuce kwanakin bizarsa ba?

Bazazzagi: Na faɗa muku tun farko, rake da Gidan Zoo ba sa neman takardar banki.

Malama Ta Firamare: Ana maganar takardar banki, da gaske ne wata shida suke nema? Kuma ta maigida kaɗai ta isa ga iyali duka, ko ni ma sai na kawo tawa? Ejan ɗinmu ya ce sai an ƙara masa kuɗi zai "gyara" mana ita.

Direban Sharja: Malama kada ki yarda a gyara miki komai. Idan aka kama, sunanki ne zai shiga kwamfuta, ba nasa ba.

Ummu Hafsa: To wai don Allah a cikin ejan-ejan ɗin nan akwai mai ba da rasit kuwa?