Dagin da na sa a bango ya fito kamar matattakala, a ina na kuskure?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Sati uku ke nan ina gina zauren gidan ƙasa a Blender, manhajar ƙera siffofin 3D a kwamfuta, irin na cikin birnin Zariya mai ado a fuska. So nake dagin da ke saman ƙofa ya ɗan taso, sai na ɗauki hoton wani bango da wayata da la'asar, na cire masa kala a manhajar gyaran hoto ta GIMP, na sa shi a matsayin bamp, wato hoton da ke sa shafaffen bango ya zama kamar mai tudu da kwari. Abin da ya fito ya ɓata min rai ƙwarai. Duk inda inuwa ta kwanta ya zama rami, gefen dagin kuma hawa-hawa. Don Allah a taimaka.

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Hoton ne ya cuce ka. Kwamfuta ba ta san inuwa ba, tsawo kawai take karantawa: fari tudu, baƙi kwari. Ajiye hoton a gefe kana dubawa. Buɗe sabon shafi, ka cika shi da ruwan toka tsaka-tsaki, wato 128, sannan ka zana dagin da hannunka da buroshi mai laushin baki, kana ƙara haske kaɗan-kaɗan. Kada ka kai shi fari fat. Ka tuna magini da hannu yake shafa laka, shi ya sa gefen adon yake fitowa a dunƙule, ba kamar yankan reza ba. Wannan laushin nake so na gani a zanenka.

'Yar Fagge:
Hawa-hawan kuma na 8-bit ne, matakai 256 kacal daga baƙi zuwa fari. Koma 16-bit, akwai 65,536. Adana a PNG, JPEG na barin dabbare-dabbare. A Blender ka mayar da hoton Non-Color don kada a ɗauke shi a matsayin kala, ka rage Strength, wato ƙarfin bamp ɗin.

Ɗan Tudun Wada:
Yaya, Anti, Allah ya saka da alheri. Na sake zanawa a manhajar zane ta Krita, matattakalar ta ɓace, har sawun yatsu na ƙara. Sai dai in na juya kyamara gefe, bangon a shafe yake.

Tsohon Hannu:
Haka bamp yake tun da masanin zanen kwamfuta James Blinn ya fito da dabarar a 1978. Yadda haske ke sauka kawai yake canzawa, jikin bangon bai motsa ba. Raba fuskar zauren ƙanana-ƙanana, ka ɗaga dagin da Displace, wanda shi jikin bangon yake turowa da gaske, ka bar wa bamp sawun yatsun da tsagar laka.