Wanne Za Mu Ɗauka a Hutun Nan?

Malama, Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan matana. Saura zaɓen littafin watan gobe. Doka tana nan: mai shawara ta kawo ta da baiti. Na buɗe.

'Yan matana, hutu ya zo,
Kar waya ta cinye mana ƙwazo,
A rage yawo a yanar gizo,
A faɗi littafin da za mu ɗauka.

'Yar Ƙofar Doka:
Ruwan Bagaja nake so, Malama,
Na Abubakar Imam mai hikima,
Alhaji da Zurƙe kullum rigima,
Ki yi dariya kamar kin yi hauka.

Kuma namu ne na gida. A nan Zariya aka shirya gasar 1933 da ta haife shi, aka buga a 1934. Na kakana yana nan, bango ya fita, an ɗinke shi da zaren lilo.

'Yar Samaru:
Yaya, mun karanta shi a aji,
Har jarrabawa mun ci, kin ji,
Amma duk yawon nan na Alhaji,
Ina macen da ta riƙe harka?

Ku ba ni yarinya irina,
Mai tsoron nan da ke raina,
Mai buri kamar burina,
Na gaji da ɗan sarki da aku a ɗaka.

'Yar Ƙofar Doka:
Har Magana Jari Ce kika haɗa? Allah ya shirye ki.

Anti, Kongo:
To ga Wa Zai Auri Jahila,
Balaraba Ramat ta zana matsala,
An cire Abu a boko, ta sha wahala,
Aka ba tsoho ita tana kuka.

Ta tsere, ta rungumi karatu,
Masu ce mata jahila da surutu,
Suka ga ta iya allura da rubutu,
Ta zama nas, Allah ya ɗaukaka.

Tun 1990 ya fito, amma ku karanta ku gaya min in ba ku san wata Abu a layinku ba. Ni na san biyu.

Auta, Sabon Gari:
Anti, Ummanmu ta kafa doka,
Ta ga na soyayya a cikin jaka,
Ta cusa a murhu ba ko shakka,
Da shi aka kaɗa miyar kuka.

Kuma aro ne fa. Har yau mai shi ba ta yi min magana.

Malama, Tudun Wada:
Sannu Auta. Kar ki ga laifin Umma, akwai waɗanda ni ma ba zan ba ki ba. Wannan dai daban ne.

Ki miƙa mata ta fara dubawa,
Abin ɓoyo ke jawo ƙonawa,
In ta kai kan Abu ba ta ajiyewa,
Ranar tuwo zai makara sauka.

'Yar Kwarbai:
Ni ban yarda a rufe ba,
Hafsat Abdulwaheed ba a kira ba,
Kafin ita mace ba ta fitar ba,
Ita ta share gonar da ake shuka.

So Aljannar Duniya nake nufi, na 1980, kamfanin ɗab'in littattafai na NNPC na nan garin ya buga. Labarin Boɗaɗo ne, Bafulatana da ta so wanda ba na rugarsu ba. Siriri ne, zama biyu an gama.

'Yar Ƙofar Doka:
Kun yi min taron dangi, na gani,
Na janye Imam zuwa wani lokaci na bani... 

Kai, baitin ya ƙi. Na sauka. Amma a rubuta, bayan Sallah nawa ne.

Malama, Tudun Wada:
An rubuta. Watan gobe Abu, na bayansa Boɗaɗo. Kwafi biyu gare mu, mu goma sha ɗaya, kowa kwana huɗu ta miƙa. Na Anti shafin ƙarshe ya yage, wadda ya faɗo mata ta zo gida ta ƙarasa a nawa.

Auta, Sabon Gari:
Malama, na ji, zan kai wa Umma,
Sai dai ina neman alfarma,
A sa masa bangon lissafi ma,
Ko da wuta na ci a madafa haka.

Malama, Tudun Wada:
Auta! Asabar da la'asar ni zan kawo shi da kaina. Ki ce wa Umma ina gaishe ta.