Gina gaɓar mashigin Dardanel a kan teburin wasa: ta ina zan fara?

Sani Mai Jirage:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da ƙananan jiragen ruwan yaƙi na Birtaniya da na Faransa a ma'aunin 1:2400, kuma ina so mu buga harin da suka kai mashigin Dardanel da ke Turkiyya ranar 18 ga Maris, 1915. Wasannin da muka saba yi duk na tsakiyar teku ne, inda shuɗin ƙyalle kawai ya wadatar, amma wannan karawa ce tsakanin jirage da igwogin Turkawa da ke girke a tudu, don haka babu makawa sai an gina gaɓa ta hagu da ta dama. Teburina tsawonsa santimita 180 ne, faɗinsa 120. Da me ya kamata in yi gaɓar, kuma yaya tsayin tuddan zai kasance don kada su shanye jiragen?

Malam Lawal:

Wa alaikumus salam, Malam Sani. Kafin ka sayi ko da gwangwanin fenti ɗaya, zauna da taswira ka yi lissafi, domin a nan ne aikin yake gyaruwa ko ya ɓaci. Daga bakin mashigin zuwa wurin da ya tsuke, tsakanin Canakkale da Kilitbahir, tafiyar kimanin kilomita 21 ce. Idan ka bi ma'aunin jiragenka, kana bukatar teburi mai tsawon kusan mita 9, abin da ba zai yiwu ba. Saboda haka masu wannan wasa suke raba ma'auni biyu, na jirgi daban, na fili daban. Idan ka ce kowane santimita 1 yana wakiltar mita 120, tsawon ya dawo santimita 175, ya shiga teburinka, matsatsin kuma, wanda faɗinsa bai wuce kilomita ɗaya da rabi ba, zai zama kamar santimita 12.

Matsalar da za ta biyo baya ita ce jirgin Queen Elizabeth, wanda a hannunka tsawonsa kimanin santimita 8 ne, zai mamaye wurin da ya kusa kilomita guda. Shawarata ita ce ka yanke bakin mashigin gaba ɗaya, tunda an riga an ragargaza ganuwoyin Kumkale da Seddulbahir da ke gadin bakin tun a watan Fabrairu, sannan ka tura matsatsin can ƙarshen teburi, domin a ranar babu jirgin da ya isa wurin. Filin da ya rage ka ba wa mashigar Erenkoy, wato wurin da mashigin ya buɗe ta gaɓar Asiya, inda jiragen suke juyawa, domin a nan ne komai ya faru.

Game da tsayi kuwa, tudu mai mita 200 ba zai kai santimita 2 a ma'aunin fili ba, a ma'aunin jirgi kuma ya haura 8. Ni dai ina ganin 3 zuwa 4 ya fi dacewa da ido.

Baban Zahra:

Malam Lawal ya gama maganar lissafi, ni kuma sana'ata kafinta ce, bari in ce wani abu kan aikin hannu. Kada ka gina gaɓar a dunƙule. Ka yanka siririn falanki gunduwa-gunduwa, kowace kamar santimita 40, bayanta miƙaƙƙe don ya bi gefen teburi, gabanta kuma ya bi lanƙwasar taswira. Gefen da zai taɓa ruwa ka goge shi da samfefa har ya kwanta ya yi siriri, in ba haka ba za ka ga tudu ya tsaya a kan teku kamar dakali a ƙofar gida.

Tuddan kuma ka yi su da farin soson nan da ake kare firji ko talabijin da shi a cikin kwali. Ka jera shi hawa-hawa da farin gam na kafintoci, ka bari ya kwana, sannan ka sassaƙe shi da sabuwar reza, domin dakusasshiya yayyaga shi take yi. Bayan haka ka dama garin filastar da ake yin silin da shi, ka zuba masa ɗan gam, ka shafe ko'ina sama-sama. Wannan rufin yana da muhimmanci, saboda fentin fesawa yana narkar da soson nan take idan ya same shi tsirara. Ka kuma shafa wa ƙasan falankin fenti kamar yadda ka shafa wa samansa, don kada ya tanƙware lokacin damina.

Yashin gini kada ya kusanci aikin. A wannan ma'auni ƙwaya ɗaya ta kai girman dutsen da ya fi mutum tsayi. Rairayin da aka tankaɗe da rariya mai laushi ya isa, shi ma kaɗan.

Maman Ilham:

Sannunku da ƙoƙari. Ina da ɗan saɓani da Baban Zahra kan tuddai masu santsi, domin idan aka goge ko'ina an zubar da rabin tarihin. Manyan ganuwoyin sananne ne wurinsu, jirage suna ganinsu suna harbi. Abin da ya hana jiragen share nakiya sakat shi ne ƙananan igwogin da sojojin Daular Usmaniyya ta Turkiyya suke ja daga wannan kwari zuwa wancan, su yi harbi su sauya wuri. Don haka, Malam Sani, ka haƙa kwazazzabai a gaɓoɓin biyu, kowanne da shimfiɗaɗɗen wurin da za a iya ajiye alamar igwa, kuma su fi igwogin yawa, ta yadda mai riƙe da jirage ba zai san wanne ne yake da wuta ba.

Nakiyoyin kuma kada a zana su a kan ƙyalle. Bouvet na Faransa, wanda ya nutse cikin kimanin minti biyu da mutane fiye da 600, da Irresistible da Ocean na Birtaniya, duk sun faɗa layin nakiyoyin da ƙaramin jirgin Turkawa Nusret ya dasa a Erenkoy ranar 8 ga Maris, kuma ya dasa shi ne a tsaye, yana bin gaɓar Asiya, saɓanin sauran layukan da suka ratsa mashigin. Mai riƙe da ɓangaren Turkawa ya rubuta wurin a takarda, yana aunawa daga wata alama a gaɓa, wani tsauni ko ƙauye, shi ya sa ake son gaɓar ta kasance da alamomin da ba sa motsi.

Sani Mai Jirage:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura abu ɗaya, Hajiya: bakin ruwan fa, in yi masa farar kumfar igiya?

Maman Ilham:

A mashigi irin wannan ba a bukatar kumfa mai yawa. Ka ja siririn layi mai launin ƙasa-ƙasa a bakin falankin, ka bi shi da shuɗi mai haske wanda yake duhu a hankali har ya haɗu da launin ƙyallenka. Sai dai ka tuna ruwan saman mashigin yana gangarowa ne daga tekun Marmara zuwa bakinsa da ƙarfi, don haka ka ɗora ƙaramar kibiya a gefen teburi, ka rage wa jiragen share nakiya tafiya duk lokacin da suke hawa sama.