Juya kuɗin IRA zuwa Roth: yana rage tallafin karatun yaro a jami'a?

Maman Sadiya:
Assalamu alaikum. Tambayata ga mazauna Amurka masu sanin harkar haraji. Yarinya za ta shiga jami'a a 2027. Idan iyayenta suka juya dala 40,000 daga asusun fansho na IRA zuwa Roth (asusun fanshon da ake biyan haraji tun lokacin saka kuɗi), zai taɓa tallafin da ake nema ta FAFSA (fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya)? Kuɗin ai bai shigo hannu ba.

Malam Bala:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Zai taɓa, sosai ma. Kuɗin da ke kwance a asusun fansho FAFSA ba ta ƙirga shi cikin dukiya. Amma da an juya shi, hukumar haraji ta IRS tana ɗaukarsa kuɗin shiga na wannan shekarar, ya hau kan AGI (jimillar kuɗin shigar shekara bayan wasu ragi) a fom ɗin haraji 1040, FAFSA kuma daga IRS take ɗauko adadin kai tsaye. Lissafin yana cin kashi 22 zuwa 47 cikin ɗari na rarar kuɗin shigar iyaye, alhali dukiya ba ta wuce kashi 5.64. Dala 40,000 na iya ɗaga lambar SAI (ma'aunin ƙarfin gida; in ta hau, tallafi ya ragu) da dubbai masu yawa, ƙolinsa 18,800 kafin a cire harajin da aka biya. Gidan da ke bakin iyakar tallafin Pell (na gwamnatin tarayya ga masu ƙaramin ƙarfi) yana iya rasa shi ɗungurungum.

Baban Yusra:
Lokaci ne gaba ɗaya zancen. FAFSA tana waiwayar shekara biyu baya: karatun 2027-28 da harajin 2025 ake auna shi, na ƙarshe, 2030-31, da na 2028. Ke nan daga 1 ga Janairu 2029 a juya hankali kwance, in dai yarinyar za ta gama a shekara huɗu. In akwai ƙani a bayanta, sai a sake lissafi da shekarunsa, nan ne iyaye da yawa ke tuntuɓe.

Malama Rabi:
Hajiya, in an riga an juya, tun 2018 doka ta hana mayar da shi. Abin da ya rage, a rubuta wa ofishin tallafin jami'ar, a haɗa fom ɗin haraji 1099-R da 8606 masu nuna juyawar, a roƙa su cire adadin tunda sau ɗaya ne kuma kuɗin yana asusun fansho har yanzu. Doka ta ba su ikon gyarawa, amma ba dole ba ne, kuma kowace jami'a sai an nema daban.